Tikitocin da Yonsil Ba Ta Yaga Ba

Pyo Yonsil tana da wata 'yar ɗabi'a da duk maƙwabtan shagonta suka sani. In motar haya ta zo wucewa, ko da tana tsakiyar ɗinki, sai ta ɗaga hannun hagu kaɗan. Ba gaisuwa ba ce, ba kuma tsayarwa ba, kamar dai mai cewa je ki abinki. Sababbin direbobi sukan taka birki su leƙo, su ga mace ta duƙufa kan keke ko dubansu ba ta yi ba. Tsofaffin kuwa sun saba. A garinmu na bakin teku ba a cika tambayar mutum dalilin irin wannan ba.

Abin ya faro tun tana 'yar shekara goma sha shida, tana aji biyu a makarantar 'yan mata ta kan tudu.

Mahaifiyarta ɓarar kawa, naman teku mai ƙwanso, take yi a rumfar bakin ruwa, tun safe har yatsu su daina jin wuƙa. Mahaifin ya bi wani jirgin kamun kifi mai nisan zango tun tana ƙarama, wasiƙunsa suka yi ta raguwa har suka ɗauke. Yayanta yana karatu a birnin Busan, kuma duk kuɗin won da ya kwana a gidan, da safe hanyar Busan yake kamawa. Abu ɗaya ne uwar ba ta taɓa fashinsa ba: farkon kowane wata takan sayo tikitocin mota na ɗalibai, shuɗaye, goma-goma a jere, ta ɗora mata a kan akwatin abincinta.

A wancan lokaci tikitin ɗalibi kuɗi ne a hannun yara. Mai sayar da litattafai yana karɓa. Inna 'yar Hadong, mai tantin abinci a bayan makaranta, ita ma tana karɓa, tana kuma saya da kuɗi a ɗan rage, ta sayar wa wasu ɗaliban.

A watan Maris malamin aji ya raba takarda: in Oktoba ta kama, 'yan aji biyu za su tafi Dutsen Sorak, kwana uku, kamar yadda aka saba kowace shekara. Yonsil ta duba kuɗin da aka rubuta a ƙasa, ta ninke takardar gida huɗu ta sa a littafi. Ba ta kai ta gida ba. Ta san uwar za ta karanta ta yi shiru, ta kuma san irin shirun.

Dutsen kuwa ta riga ta san shi. Yana jikin wata tsohuwar kalanda a kantin maganin mahaifin ƙawarta Kumju: duwatsu tsaye kamar yatsu, ganyaye jajaye kamar an kunna musu wuta, da farin gajimare kwance a ƙarƙashinsu. A ƙarƙashi, ba a sama ba. Wannan ne ya fi tsaya mata a rai, wai akwai wurin da mutum zai tsaya ya leƙa gajimare daga bisa.

Washegari ta fita da wuri, ta tsaya a tashar unguwarsu. Motar ta zo, kwandasta ta buga ƙofa tana kira. Yonsil ta ɗaga mata hannu, motar ta wuce. Ta mayar da tikitin aljihu ta kama hanya.

Tafiyar awa guda ce in ta bi katangar bakin teku. Da safe hazon ruwa yakan kwanta a kan tekun, tsibirai su ɗago kawunansu daga cikinsa, sai ta ce a ranta ga duwatsun nan, ga gajimaren a ƙasa. Ta raɗa wa wurare sababbin sunaye. Rumfar gyaran koma ita ce tashar farko, inda za su ɓare dafaffen ƙwai. Masana'antar ƙanƙara ita ce inda ƙawarta Okhwa za ta fara waƙa malami ya yi kamar bai ji ba. Gangaren makaranta shi ne gindin dutsen. Wata rana har ƙanshin ganyayen take ji, alhali kifi ake shanyawa a gefen hanya. Ranar ruwan sama kaɗai take hawa mota, ta zauna tana kallon taga kamar wadda aka yi wa ƙwace.

Tikitocin tana jera su cikin ƙamus ɗinta, tsakanin shafuka. Ba ta so ta mayar da su kuɗi sai dab da tafiya, don kuɗi a gidansu ƙafa gare shi. Takarda shuɗiya kuwa ba mai tambayarta.

Ba tafiyar ce mai wuya ba. Asabar ce.

Su uku ne tun suna aji ɗaya: ita, da Kumju 'yar mai kantin magani, mai baki kamar almakashi, da Okhwa, doguwa mai yawan hamma, wadda babanta ke da kwale-kwale biyu. Duk Asabar in an tashi da rana sai su zauna a bencin Inna 'yar Hadong, su ci tokboki, dunƙulen shinkafar nan mai jan yaji, da tsiren kifi. Ba a raba kuɗi, abin kunya ne. Yau wannan ta ciyar, mako mai zuwa waccan. Wadda ta tsallake juyinta sau ɗaya za a yi mata uzuri, sau biyu za a yi shiru, daga nan sai ta ga bencin ya yi mata kaɗan. Yonsil ba ta taɓa tsallakewa ba. In juyinta ya zo, takan ciro tikitoci ta ajiye a gaban Inna da yatsu biyu, kamar masu yawa ne a gida, tana ji a ƙwaurinta tafiyar kwana huɗu ta shige cikin kasko.

Ta koyi dabaru. A juyinta takan ce ba ta jin yunwa, ta riƙe tsinke ɗaya tana juya shi, ta cika cikinta da romon kifi, tunda romo kyauta ne. In an ce a je kallon fim, ta ce kanta yana ciwo a duhu, amma ta raka su har ƙofa, washegari kuma ta sa Okhwa ta ba ta labarin daga farko har ƙarshe, ta yi dariya a inda ake dariya. In an tashi makaranta ta raka su tasha, da yake motarsu daban da tata, ta jira sai sun ɓace a kwana, sannan ta gangara bakin teku.

"Ke, wai me kike ci ne a gida?" in ji Kumju wata Asabar, tana leƙen ƙarƙashin benci. "Dubi ƙwaurinki, kamar taɓarya. Wa zai aure ki da waɗannan?"

"Wanda ba shi da jaki," in ji Okhwa, bakinta cike.

Yonsil ta ce aƙalla nata ƙafafun suna kai ƙasa in ta zauna. Kumju, wadda ita ce gajerar aji, ta jefe ta da tsinke. Inna ta ce in za su yi faɗa su biya tukuna.

Okhwa tana da nata hikimar. Da almakashin ɗinki takan yanka jerin tikiti goma ya zama goma sha ɗaya, kowanne a ɗan tsuke, ta miƙa wa kwandasta a dunƙule lokacin da mota ta cika. Ba don rashi ba, don daɗin abin kawai. Rabin makarantar sun koya daga wurinta, 'yan makarantar maza kuma suka ƙara da zana nasu da biro. Yonsil ba ta taɓa yi ba. Nata lafiyayyu ne, ko lanƙwasa babu.

Sau ɗaya Inna ta yi mata magana, tana goge kasko, ba ta ɗago ba. Ta ce ta lura akwai wata mai shan romo kofi huɗu, kuma in mutum yana da ajiya gara ya kawo a mayar masa kuɗi da wuri, don takarda takarda ce. Yonsil ta ce ba ta gane ba. Inna ta ce to.

Damina ta wuce, ƙamus ya kumbura har ya daina rufuwa. Ta ɗaure shi da roba. Farin takalminta ya huje a diddige, ta liƙa kwali a ciki, tana goga masa alli kowace safiya. A tsakiyar Satumba ta ga saura tafiyar mako biyu kuɗin ya cika, kuma mako biyu ne ya rage a rufe karɓa.

Wata ranar Laraba aka manna sanarwa a ƙofar makaranta. Kamfanin motocin gari ya gaji da tikitin da ake yankawa da na zane. Daga Litinin sabon tikiti ne, ruwan ɗorawa, shuɗi ya daina aiki. Kowane ɗalibi zai iya zuwa tagar kamfanin da katin makarantarsa ya canza jeri biyu, ba ƙari, zuwa ranar Asabar.

Yonsil tana da jeri ashirin da huɗu.

Da aka fita cin abinci ta zagaya bayan makaranta, ta buɗe ƙamus a gaban Inna. Matar ta daɗe tana kallon shuɗin takardun, sannan ta goge hannunta a zani. Ta ce yau ba mai sayen shuɗi da kuɗi a garin nan, ita kanta tana da nata da take neman yadda za ta yi da su. Amma ai abin ba wuya.

"Ku sittin ne a aji, ko? Goma sha biyu kawai kike nema masu wofin kati. Kowace ta riƙe miki jeri biyu ta shiga layi. Ranar Litinin ki kawo mini sababbi in ba ki kuɗinki."

"Za su tambaye ni inda na samo su, Inna."

"Sai ki ce da ƙafa."

Yonsil ta mayar da robar. Inna ta ce in ta so ita za ta faɗa musu. Yonsil ta ce a'a, da kanta za ta yi.

Ta kwana biyu tana shirya maganar a kan katangar teku. Gajeriya ce, ba ta fi jimla uku ba. Ranar Juma'a da rana, ana cikin buɗe akwatunan abinci, ƙanshin kimchi, kabejin nan mai yaji, ya cika aji, ta miƙe tsaye. Ita ba mai miƙewa ba ce, don haka aka yi tsit. Fuskoki hamsin da tara suka juyo. Kumju ta tsaya da cokali a baki. Yonsil ta dube ta, ta tuna Asabar ɗin nan duka, da yatsu biyun da take ajiye tikiti da su, da ciwon kan da duhu yake sa mata. Ta ga yadda Kumju za ta koma baya ta lissafa kowane tsinken da ta ci a juyinta. Ta ga yadda daga yau za a riƙa cewa bar shi, Yonsil, mu za mu biya.

"Yau in an tashi," ta ce, "kowa ta zo tantin Inna. Ni zan ciyar."

Har yanzu akwai matan da ke tuna yammacin nan. 'Yan mata fiye da arba'in cikin baƙin siket da farar riga, wasu a benci, wasu a kan jakunkunansu, wasu tsaye da faranti a hannu. Inna ta aika aka ƙaro dunƙulen shinkafa sau biyu. Tururi ya cika tantin har fuskoki suka zama kamar na mafarki, rana tana gangarawa ta bayan masana'antar ƙanƙara, komai ya yi ja: kaskon, leɓunan, tekun. Aka ce babanta ne ya aiko da kuɗi daga ƙasar waje. Aka ce wani ɗan makarantar maza ne. Kumju ta hau kan benci, don a gan ta, ta ba da sanarwar cewa daga yau ba mai sake zagin ƙwaurin Yonsil sai ita. A ranar Yonsil ta ci ta ƙoshi. Ko kofi ɗaya na romo ba ta sha ba.

Da suka watse ta zazzage ƙamus a kan tebur. Inna ta daɗe tana goge wuri ɗaya.

Washegari da rana, a hanyarta ta gida, ta bi ta gaban kamfanin. Layi ya miƙe har titi, kuma a cikinsa ga 'yan ajinsu, kowace da jeri biyu shuɗaye a hannu, lafiyayyu, ko lanƙwasa babu. Inna ce ta roƙe su, a cikin raha, ta ce wadda ta ci jiya ta taimaki tsohuwa. Ba wadda ta tambaye ta komai. Suna ta hira suna ture juna, har suka ɗago mata hannu.

Ranar Litinin Inna ta kira ta gefe ta miƙa mata abin da ya saura bayan an cire kuɗin shinkafa da kifi. Bai kai na sabon takalmi ba sai da Yonsil ta cika. Takalmin ta saya.

Ta gaya wa malami, ta gaya wa ƙawayenta, cewa doguwar tafiya a mota tana juya mata ciki, tun tana yarinya, har suma take yi. Kumju ta kawo mata magani daga kantinsu, Yonsil ta ce ai ta gwada irinsa, ba ya yi mata. Safiyar tafiyar ta je har filin makaranta ta taya su ɗora jakunkuna. Bayan kwana uku Okhwa ta kawo mata jan ganye guda a cikin littafi, ta zauna ta ba ta labarin daga farko har ƙarshe. Yonsil ta tambaye ta ko gajimare a ƙasa yake. Okhwa ta ce ruwa aka yi ta yi, ba su ga komai ba sai bayan malami.

Daga nan rayuwa ta yi irin tafiyarta. Ta gama makaranta, ta koyi ɗinki, ta auri wani mai gyaran injin kwale-kwale, mutum marar hayaniya, wanda ya riga ta tafiya da shekara tara. Ta buɗe shago a bakin kasuwa, tana rage wando tana sa zif. Ɗanta ɗaya ya tafi Seoul ya zauna. An rushe tantin Inna aka yi wurin ajiye motoci, tikitin takarda ya zama kati, amma Asabar ba ta canza ba. Su ukun dai, a wani ɗan gidan abinci kusa da tashar jirgin ruwa, yau wannan, mako mai zuwa waccan. In hira ta yi daɗi sai Kumju ta tuno ranar da Yonsil ta haukace ta ciyar da aji guda.

Maganar da ta yi wa malami kuwa ta bi ta. Duk kaka matan kasuwa sukan yi hayar babbar mota su tafi kallon ganye, kuma ba a ko sa sunanta, don kowa ya san Yonsil da mota. Da ɗanta zai yi aure, saboda ita aka kawo bikin garinmu. Mijinta har ya rasu yana ba mutane haƙuri a madadinta. An shimfiɗa manyan tituna, tafiyar da ake yini ana yi ta koma rabi, ita kuwa tana nan a bakin keke. Wani lokaci da safe, kafin ta buɗe shago, akan gan ta a kan katangar teku tana kallon tsibirai.

A bazarar da ta cika hamsin da takwas, wata Asabar da juyinta ne, ta ajiye cokali ta ce tana da magana. Ta ce ita mota ba ta taɓa juya mata ciki ba, ko sau ɗaya. Sannan ta faɗi jimla ukun nan da ta shirya shekara arba'in da biyu da suka wuce. Ba su ƙaru ba.

Kumju ta cire tabarau ta mayar. Ta ce jeri nawa? Aka gaya mata. Ta yi lissafi tana motsa baki.

"Mutum goma sha biyu," ta ce. "Ke, goma sha biyu kawai? Ni kaɗai da na tara miki su kafin a gama cin abinci. Ni da na shiga layin nan da ƙafata, da takardunki a hannuna! Wallahi ke jaka ce. Tsohuwar jaka mai ƙwaurin taɓarya."

Ta jawo takardar goge baki ta ce yajin gidan nan ya fara yawa.

Okhwa ba ta daina cire wa kifinta ƙaya ba. Ta ce ita tun watan Mayun waccan shekarar take hango wata daga tagar mota, a kan katanga, tana tafe tana magana da teku.

"Kika yi shiru?" in ji Kumju.

"Ita ma ai shirun ta yi. Kuma almakashina ne ya jawo, da wane bakin zan yi magana?"

Ba a ƙara tayar da zancen ba. Kafin su tashi dai Kumju ta buga waya ta kama musu ɗaki a gindin dutsen, mako na uku na Oktoba, lokacin da ganye ya fi ja. Ta ce ita za ta biya ɗakin. Yonsil ta ce a'a, a raba uku. Shi ne karo na farko da aka raba kuɗi a tsakaninsu, kuma ba wadda ta ji kunya.

Yonsil ta ce jakunkunan goyo na kanti ba su da ƙwari, ita za ta ɗinka musu. Ta sayo yadi mai kauri. Tsakanin wandon wannan da siket ɗin waccan ta gama ta Okhwa, doguwa, da aljihun kwalbar ruwa. Ta gama ta Kumju, ta rage mata igiya sosai don kada ta riƙa dukan bayan gwiwa, ta kai mata har kanti don ta ji zagin da kunnenta.

A farkon Satumba ta fara jin nauyi a ƙirji in ta hau gangare. Likitan garinmu ya duba hoton, ya ce gara a je Seoul. Ɗanta ya zo da mota ya ɗauke ta da safe. Ya ce tafiyar awa biyar ko gyangyaɗi ba ta yi ba. Ta manna goshi a gilashi tana tambayarsa sunan kowane dutse, wanda bai sani ba ta raɗa masa nata. A wani wuri titin ya hau sosai, hazo ya kwanta a kwari ƙasa da su, ta ce ya ɗan rage gudu.

Ganye ya yi ja a shekarar, aka ce ya fi na bara. Yonsil ba ta dawo da rai ba.

Da Kumju da Okhwa suka buɗe shagon don su mayar wa mutane kayansu, sun tarar da komai a ninke, kowane ɗinki da sunan mai shi a 'yar takarda. Jaka ta uku ce kaɗai ba ta da suna. Tana kan keke, an sa mata igiya ɗaya, ɗayar kuma an kafa ta da fil, allura tana tsaye a tsakiyar layi.